Tafkin Biktoriya: Ciwo a Ruwa, Magani a Tudu

[Kiɗan buɗe shiri]

 

Yau a shirinmu na faɗakarwa kan muhalli za mu je gabashin Afirka, bakin tafki mafi girma a nahiyarmu, wato Tafkin Biktoriya. Za mu ji yadda ruwansa ya gurɓace, da abin da aka yi don ceto shi, da inda aka dace, da inda har yanzu da sauran rina a kaba. A gyara zama.

[Kiɗa kaɗan]

Faɗin wannan tafki ya haura murabba'in kilomita 68,000, wato ya ninka jihar Kano fiye da sau uku. Ƙasashe uku ne suka raba shi. Tanzaniya ke da kusan rabi, Yuganda na biye da ita, Kenya kuma na da ɗan yanki da bai wuce kashi 6 cikin 100 ba. Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Speke ne ya sa masa sunan sarauniyarsu a 1858, amma mutanen wurin suna da nasu sunayen tun kaka da kakanni. Baganda na kiransa Nalubaale, 'yan ƙabilar Luo kuma Nam Lolwe. Daga cikinsa ne Kogin Nilu ke fita a garin Jinja, ya ratsa Sudan ta Kudu da Sudan har Masar. Mutum fiye da miliyan 40 ne ke zaune a yankunan da ruwansu ke gangarowa cikinsa, har da na Ruwanda da Burundi. Masunta sama da 200,000 ke shiga cikinsa, kifin da ake kamawa a shekara kuwa ya kai kimanin tan miliyan ɗaya.

Duk da girman nan, akwai abubuwa biyu da suka sa tafkin ba ya jure wulaƙanci. Na farko, ba shi da zurfi sosai, inda ya fi zurfi bai wuce kimanin mita 80 ba. Na biyu, ƙofar fitarsa ɗaya ce tak, ita ce ta Jinja. Mafi yawan ruwan da ke shigarsa na sama ne, mafi yawan wanda ke barinsa kuma rana ce ke ɗauke shi. To, rana ruwa take ɗauka, ba ta ɗaukar datti. Duk abin da aka zuba a ciki yakan zauna shekaru masu yawa, ya kwanta a laka, yana jiran 'ya'ya da jikoki.

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Me ya tsamar da na Biktoriya?

Duk manomin da ya taɓa sayen buhun takin zamani ya san haruffan nan uku, NPK. Biyu na farko su ne sinadarin naitirojin da na fosfaras, abincin da ke sa masara ta yi kore shar. Waɗannan sinadarai suna cikin takin zamani, suna cikin kashin dabbobi da bayan gidan mutane, suna cikin toka, suna cikin ƙasar gona. A gona alheri ne. Idan suka yi yawa a ruwa kuwa, gansakuka suke ciyarwa, wato ƙananan tsirran nan da ke mayar da ruwa kore. Gansakuka takan yaɗu ta rufe fuskar ruwa, ta hana hasken rana sauka. Idan ta mutu sai ta nutse ƙasa, ƙwayoyin halitta su shiga ruɓar da ita, su shanye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Sai a wayi gari ƙasan tafki ya zama wurin da kifi ba ya iya zama. Ranar da iska mai ƙarfi ko ruwan sama ya juyo wannan ruwan na ƙasa zuwa sama, kifaye su mutu da yawa. Haka aka gani a farkon 2021 a gaɓar Yuganda, inda aka riƙa tarar da matattun kifaye jibge a bakin ruwa, hukumomi kuma suka danganta abin da ƙarancin iskar oksijin. Masu bincike da suka gwada awon da aka yi a farkon shekarun 1960 da wanda aka sake yi bayan shekara 30 sun tarar gansakuka ta ninka, ruwan ya yi duhu, yankin da babu iskar shaƙa a ƙasa ya faɗaɗa.

Ta ina wannan taki ke shiga? Ta hanya huɗu. Akwai birane irin su Kampala da Kisumu da Mwanza, waɗanda jama'arsu ta ƙaru fiye da ƙarfin magudanansu. A Kampala, babbar kwatar Nakivubo ce ke kwasar ƙazantar tsakiyar birni da ta masana'antu ta kai gaɓar Murchison, gaɓar da daga cikinta ne kuma ake jan ruwan famfon birnin a Ggaba. Akwai gonaki, inda aka sare daji, aka nome gangare, ruwan sama ke wanke ƙasa ya zuba a koguna irin su Kagera da Nzoia da Nyando. Akwai fadamun da ke bakin tafkin, masu dogayen ciyayi, waɗanda da can suke tare laka su tsotse taki kafin ruwa ya wuce, amma aka cike su aka yi gidaje da gonaki da ma'aikatu. Ta huɗun ita ce wadda mutane ba su cika tunawa da ita ba, wato sama. Ƙonen daji da ƙura na tashi da toka, iska ta ɗauke ta, ta sauke a kan wannan makeken ruwa. Bincike ya nuna kaso babba na fosfaras da ke shiga tafkin ta wannan hanya yake zuwa. Ke nan mutumin da ya cinna wa daji wuta a nesa, wanda bai taɓa ganin tafkin da idonsa ba, shi ma yana da hannu.

Bayan waɗannan akwai sinadarin makuri da masu haƙar zinariya ke wanke ƙasa da shi a yankunan Geita na Tanzaniya da Migori na Kenya, akwai magungunan feshi, akwai leda da robobi.

[Kiɗa kaɗan]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, shirin faɗakarwa ne kan muhalli, muna kuma magana kan Tafkin Biktoriya. Yanzu sai labarin baƙi biyu da suka shiga tafkin suka sauya masa kama.

Baƙo na farko kun san shi sarai, domin ɗan gida ne a Tafkin Chadi da Kogin Kwara. Giwan ruwa ke nan. A Biktoriya babu shi asali. A shekarun 1950, zamanin mulkin mallaka, aka fara zuba shi, aka ƙara a farkon shekarun 1960, da nufin ya cinye ƙananan kifayen da ake ganin ba su da daraja a kasuwa, ya mayar da su nama mai tsada. Ya yi shiru kusan shekara 20, sai a shekarun 1980 ya cika tafkin. Kifi ne da kan kai tsawon mutum, wani ma nauyinsa ya haura kilo 100. Kamfanonin sarrafa kifi suka buɗe a bakin ruwa, jiragen sama suka riƙa kwasar tsokarsa zuwa Turai, kuɗi suka shigo.

Amma an biya farashi. Tafkin yana da ƙananan kifaye 'yan uwan karfasa, masu launi kala-kala, iri kusan 500, waɗanda mafi yawansu babu su a ko'ina a duniya sai nan. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin iri 200 sun ɓace ko sun kusa. Da yawa daga cikinsu gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suke ci, wato su ne masu sharar tafkin. An ƙara yawan datti a daidai lokacin da aka rage masu shara. Duhun ruwan ma ya yi musu wata illar. Macen irin waɗannan kifaye da launi take gane namijin jinsinta, da ruwa ya yi duhu sai ganewar ta gagara, jinsuna suka riƙa cakuɗewa. Har a tudu giwan ruwa ya bar tabo. Ƙananan kifaye a rana ake shanya su, shi kuwa mai kitse ne, sai an banda shi da itace, saboda haka bishiyoyin tsibirai da na bakin gaɓa suka sha gatari.

Baƙo na biyu wata ciyawa ce mai yawo a kan ruwa kamar kainuwa, sai dai ta fi ta girma, tana da fure mai ruwan shunayya. Asalinta daga Kudancin Amurka take, kyan furenta ne ya sa aka yi ta yawo da ita a duniya. Mutanen Yamai da na yankin Kainji sun san ta a Kogin Kwara. An fara ganin ta a Biktoriya a ƙarshen shekarun 1980, akasari ta biyo Kogin Kagera. Idan ta sami ruwa mai taki, cikin mako biyu takan ninka kanta. Zuwa 1998 ta rufe fiye da hekta 17,000. Jiragen ruwa suka kasa shiga tashar Kisumu da ta Port Bell, masunta suka riƙa maƙalewa a tsakiyarta da kwale-kwalensu, ta toshe bututan jan ruwan sha, ta addabi tashar lantarki ta Jinja. Sauro da katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya suka sami maɓoya.

An gwada cire ta da hannu, an kawo injuna masu yanka. Abin da ya fi tasiri shi ne wasu ƙananan ƙwari iri biyu, su ma 'yan asalin Kudancin Amurka, waɗanda ba su da abinci sai ita. Manyan na cin ganye, tsutsotsinsu na huda kara har ruwa ya shige ta ta nutse. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka fara sakin su, aka koya wa masunta kiwonsu a tankuna a bakin ruwa suna kai wa da kansu. Ruwan sama mai yawa da igiyoyin da aka yi a 1997 da 1998 su ma sun taimaka wajen farfasa ta. Zuwa shekara ta 2000 mafi yawanta ta tafi.

Nasara ce ta gaske, amma a saurari abin da ya biyo baya. Wajen 2006 da 2007 ciyawar ta sake rufe gaɓar Winam, inda Kisumu take, tun daga nan kuma tana zuwa tana komawa. Dalili a bayyane yake. An kashe ciyawa, ba a yanke mata abinci ba. Muddin kwata da kogi suna kawo taki, ƙwaro zai ci, inji zai yanka, ita kuma za ta sake tofowa. Wannan shi ne babban darasin shirinmu na yau: alamar ciwon a ruwa take, amma tushensa da maganinsa a tudu suke.

[Kiɗa kaɗan]

To, wane aiki ake yi a tudun?

Na farko shi ne haɗa kai, tun da ruwa bai san kan iyaka ba. A 1994 ƙasashen uku suka kafa hukumar kula da kamun kifi ta tafkin, mai hedikwata a Jinja. A 1997 aka fara wani babban shirin kula da muhallin tafkin da tallafin Bankin Duniya, daga baya aka shigo da Ruwanda da Burundi, domin ta wurinsu Kagera ke tasowa. Ƙungiyar Ƙasashen Gabashin Afirka kuma ta kafa hukumar kula da yankin tafkin baki ɗaya, mai zama a Kisumu.

Na biyu, tace ƙazantar birni kafin ta isa ruwa. Kampala ta gina matatar ƙazanta a Lubigi, ta kuma gina wata babba a Bugolobi don ruwan Nakivubo. An yi gyare-gyare irin wannan a Kisumu da Mwanza. Sai dai har yanzu mafi yawan gidaje ba a haɗa su da bututun ƙazanta ba, masai na rami suke amfani da shi, idan damina ta yi ƙarfi kuma ya tumbatsa. Don haka kwashe masai da kai shi inda ya dace yana cikin aikin ceton tafki, ko da mutane ba su cika son zancensa ba.

Na uku, mayar wa fadama haƙƙinta, da riƙe ƙasa a gona: dasa itatuwa a bakin kogi, barin tazara tsakanin kunya ta ƙarshe da ruwa, yin kunya a gicciye a kan gangare, da rage ƙonen daji. Na huɗu, buɗe wa ruwa hanya. A Mbita ta Kenya, wata hanyar mota da aka cike ruwa aka yi zuwa tsibirin Rusinga ta daɗe tana toshe ɗaya daga cikin mashigan gaɓar Winam. Da aka gina gada a 2017 aka buɗe mashigin, ruwan gaɓar ya sake samun hanyar cuɗanya da na babban tafki.

Na biyar, tsarin kamun kifi. An kafa kwamitocin masunta a kowace mashaya, an ƙayyade girman idon raga, an hana kama giwan ruwan da bai kai santimita 50 ba. Akwai abin da ya koya wa kowa hankali a nan. A 1999, da aka sami rahoton wasu na zuba guba a ruwa don kama kifi, Tarayyar Turai ta dakatar da sayen kifin tafkin. Ma'aikatu suka rufe, dubban mutane suka rasa aiki, wasu ƙasashen sai da suka haura shekara kafin a ɗage musu. Laifin 'yan kaɗan ya shafi kowa. Wani abin farin ciki kuma, da kamun giwan ruwa ya rage yawansa, wasu daga cikin ƙananan kifayen da aka fid da rai da su sun sake bayyana. Halitta takan farfaɗo idan aka sassauta mata.

Wani zai ce, anya tafkin da ya lalace haka yana gyaruwa kuwa? Yana gyaruwa, akwai shaida. Tsakanin Amurka da Kanada akwai Tafkin Erie. A shekarun 1960 jaridu sun riƙa cewa ya mutu, saboda gansakuka da wari. A 1969 Kogin Cuyahoga da ke zuba cikinsa ya kama da wuta saboda yawan man da ke kansa. A 1972 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniya, suka kashe kuɗi masu yawa wajen gina matatun ƙazanta, aka rage fosfaras a garin sabulun wanki. Cikin shekarun 1980 ruwan ya washe, kifi ya dawo. Amma daga baya gansakuka ta sake dawowa, wannan karon daga takin gonaki da ke biyo Kogin Maumee. A watan Agusta na 2014 aka hana mutum kimanin 400,000 a birnin Toledo da kewaye shan ruwan famfo har kusan kwana uku, saboda gubar da gansakukar ta saki. A 2016 ƙasashen suka sake ɗaukar alkawarin rage fosfaras da kashi 40 cikin 100. Abu biyu muka koya a nan. Bututun masana'anta yana da sauƙin kamawa, domin ana ganin bakinsa, an san mai shi. Takin da ke tsiyaya daga gonaki dubu kuwa sai da yardar manoma dubu. Sannan gyaran tafki ba shi da ranar gamawa, ranar da aka saki jiki ranar ciwo ke dawowa.

[Kiɗa kaɗan]

Masu sauraro, kada mu ɗauka labarin nesa ne. Ruwan da ya wanke kwatocin birnin Kano ya bi Jakara, da wanda ya fito daga majemu da masana'antun Sharaɗa da Challawa, ba ɓacewa yake yi ba. Gabas yake nufa, ya shiga Kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Masunta da manoman Nguru sun san yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ruwa ke zuwa. Su ma sun ga cewa yanka kaɗai ba ya raba su da ita. Muna da Hukumar Tafkin Chadi tun 1964, ta girmi duk hukumomin Biktoriya da muka ambata, don haka ba mu rasa inda za a zauna a yi magana ba.

Ga abin da ke hannun kowa. Malam manomi, zuba taki daidai buƙatar shuka, ka rufe shi da ƙasa, kada ka watsa shi hadari na haɗuwa, domin kuɗinka ne ruwa zai tafi da su. Ka bar ciyawa da itatuwan bakin rafi, kada ka wanke tankin feshi a kogi. Malam masunci, ka guji guba da ragar gidan sauro, wanda ya kwashe 'ya'yan kifi bana shi zai dawo da koma wayam baɗi. Uwargida, shara da leda ba na kwata ba ne. Mai gini, fadama ba fili ba ce da aka rasa mai shi, aiki take yi wa gari. Masu masana'antu, ku tace ruwanku kafin ku sake shi. Hukumomi kuma, a riƙa auna ruwa a kai a kai, a faɗa wa jama'a sakamakon, a hukunta mai laifi komai girmansa. Sarakunan ruwa, masu unguwanni da limamai, maganarku ta fi ta kowa shiga kunne, ku sa baki. Ruwa amana ne, na ƙasa da mu yana da haƙƙi a kan abin da muka sako masa.

A nan za mu dakata. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu tattauna kan noman rani da ruwan kwata, da abin da yake jawo wa mai noma da mai ci.  

[Kiɗan rufe shiri]